Arthur Coningham: Matuƙin da ya kawo jirgin sama Kano a 1925, ya ɓace a kan teku a 1948

A ranar Lahadi, 1 ga watan Nuwamban 1925, wasu jiragen sama guda uku suka sauka a filin folo na Kano, a zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Abdullahi. Sun taso ne daga Helwan, kudu da birnin Alƙahira, tun ranar 27 ga Oktoba. Wannan tafiya ce ta fara kawo jirgin sama Najeriya. A lokacin Damagaram ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, sai a shekarar da ta biyo baya aka mayar da ita Yamai.

Jagoran tafiyar wani hafsan sojan saman Birtaniya ne mai shekara 30, sunansa Arthur Coningham. Ya kai mutanensa Kano ya mayar da su Masar lafiya, a zamanin da matuƙi ba shi da abin dogaro sai taswira da kamfas da agogo. Bayan shekara 22 da 'yan watanni ya shiga wani jirgi a matsayin fasinja, lissafin nisa da mai da iska yana hannun wasu, kuma ba a sake ganinsa ba.

Yaron da sunan mahaifinsa ya yi wa nauyi

An haifi Coningham a birnin Birisben na Ostireliya ranar 19 ga Janairun 1895. Mahaifinsa, wanda shi ma Arthur ne sunansa, ɗan wasan kurket ne da ya taɓa buga wa ƙasarsa wasa. Sai dai abin da aka fi tuna shi da shi wata shari'a ce: ya kai wani babban limamin cocin Katolika ƙara bisa zargin neman matarsa, shari'ar ta ƙare da kunyarsa a 1901. Iyalin suka tattara suka koma Niyu Zilan. Can ma mahaifin ya yi zaman gidan yari kan zamba, daga baya auren ya mutu.

Yaron ya yi karatu a Kwalejin Welintin, ya yi aikin gona na ɗan lokaci. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 ya shiga soja, aka kai shi tsibirin Samowa, sannan Masar. Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi har aka sallame shi a 1916. Maimakon ya zauna gida, sai ya biya kuɗin jirgin ruwa da kansa zuwa Ingila ya nemi a koya masa tuƙin jirgin sama. Kafin yaƙin ya ƙare ya yi faɗa a sararin Faransa, an ji masa rauni, ya riƙe runduna ta 92, kuma an lasafta masa jiragen abokan gaba 14. Abokansa sun fara kiransa da sunan ƙabilar Mawori ta Niyu Zilan, bakin Turawan Ingila ya mayar da laƙabin Mary, ya bi shi har ƙarshen ransa.

A 1922 aka tura shi Mosul a arewacin Iraƙi, inda ya tuƙa jirgi samfurin DH.9A a runduna ta 55. Aikin sojan sama a Iraƙi a wannan zamani shi ne tanƙwara ƙabilun da suka ƙi bin mulkin Birtaniya, har da jefa wa ƙauyuka bam. Duk wanda zai ba da labarin wannan mutum da adalci dole ya ajiye wannan a gefen jaruntakarsa. Tafiyar Kano ma ba yawon buɗe ido ba ce. Gwaji ne na ko za a iya haɗa Masar da Sudan da Najeriya ta sama, kuma nuni ne na ƙarfin masu mulki ga waɗanda ake mulka.

Layin da bai bi ba

Yadda ake auna nisa tsakanin filayen jirgi biyu masu nisa da juna ba wani sirri ba ne. Duniya mulmulalliya ce, kewayenta kimanin kilomita 40,000. An raba wannan kewaye gida 360, kowane kashi ana ce masa digiri, tsawonsa kimanin kilomita 111. Kowane fili yana da lambobi biyu da ke nuna wurinsa: latitud, wato nisansa arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu, da longitud, wato nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinic a Landan. Kano tana wajen digiri 12 arewa da takwas da rabi gabas. Alƙahira tana wajen digiri 30 arewa da 31 gabas. Idan aka saka lambobin nan huɗu a lissafi, za a samu kusan digiri 28 tsakanin biranen biyu, a ninka da 111, ya ba da kimanin kilomita 3,100.

Wanda ba ya son lissafi yana iya ɗaukar zare ya ɗora bakinsa ɗaya a kan Kano, ɗaya a kan Alƙahira, a jikin ƙwallon taswirar duniya irin na makaranta, ya ja ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta nan ce hanya mafi kusa, masana suna kiranta babbar da'ira. Ita ce dalilin da ya sa a shimfiɗaɗɗiyar taswirar da ke allon bayan kujera hanyar jirgi take zama kamar baka, kuma jirgin da ya tashi daga Turai zuwa yammacin Amurka yakan bi ta kan ƙanƙarar Girinlan. Da wannan lissafi ne dai manhajar waya take fitar da alƙibla. Matuƙa kuma suna ƙirga nisa da mil na teku, wanda yake mita 1,852, saboda kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri.

To, zaren Alƙahira zuwa Kano ina ya bi? Ya ratsa hamadar yammacin Masar, ya yanki kudu maso gabashin Libiya, ya bi ta yankin duwatsun Tibesti a arewacin Cadi, ya shiga gabashin Nijar, ya gangaro ƙasar Dungas a gabas da Magariya, ya tsallaka iyaka daf da Maigatari, ya faɗa Kano. Da Coningham ya bi miƙaƙƙen layi, da mutanen Dungas da masu cin kasuwar Maigatari sun riga Kanawa ganin jiragen.

Bai bi ba, domin jirginsa ba zai iya ba. DH.9A jirgi ne na katako da aka lulluɓe da yadi, mai fukafukai hawa biyu da kujera biyu a buɗe, inji ɗaya ƙirar Amurka mai ƙarfin doki 400. Gudunsa bai kai kilomita 200 a sa'a ba, mansa kuma na kimanin sa'a biyar ne. Wato sai ya sauka ya sha mai bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, alhali a kan wancan layi babu mai, babu fili, babu isasshen ruwa. Kuma kowane matuƙi na lokacin ya san abin da ya sami Janar Laperrine na Faransa a 1920: jirginsa ya tashi daga Tamanrasset ya nufi kudu, iska ta kauce da shi daga hanya, mai ya ƙare, suka faɗo a hamada, janar ɗin ya mutu a can bayan kwanaki yana jinyar rauni.

Saboda haka sai suka bi kogin Nilu zuwa kudu ta Wadi Halfa har Kartum, kimanin kilomita 1,600. Daga nan suka juya yamma ta El Obeid da El Fasher, suka ratsa Cadi zuwa Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, suka shigo ta Maiduguri, sannan Kano. Idan aka haɗa waɗannan zangogi, sun haura kilomita 4,200. Sun ƙara fiye da kilomita 1,000 a kan miƙaƙƙen layi, kuma wannan ƙari shi ya kai su da rai. Layin dogo na Sudan ya tsaya ne a El Obeid, don haka duk man da za a sha a yamma da nan sai da aka kai shi ta ƙasa tun kafin jiragen su taso.

Abin lura shi ne wannan hanya ba Bature ne ya ƙirƙiro ta ba. Ita ce tsohuwar hanyar alhazai, wadda mutanen Kano da Damagaram da Borno suke bi a ƙafa da jakuna zuwa Wadai da Darfur da bakin Bahar Maliya. Wasu sukan yi shekaru a kanta suna noma da ƙwadago don haɗa guzuri, wasu suka zauna dungurungum, shi ya sa har yau akwai Hausawa masu yawa a Sudan, kamar a garin Mai Wurno. Inda akwai rijiya da gari, nan alhaji yake ya da zango, nan kuma ake iya share fili a ajiye gwangwanayen mai. Tafiyar da take cin mahajjaci watanni ko shekaru, jiragen sun yi ta cikin kwana shida.

Agogo, kamfas da iska

Sanin nisa a takarda abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen sanin nawa aka ci daga cikinsa alhali ana sama. Matuƙin 1925 yakan saita kamfas, ya dubi gudun jirgi, ya dubi agogo, ya ninka. Idan jirgi yana yin kilomita 150 a sa'a, bayan sa'a biyar ya kamata a ce ya yi 750. Amma na'urar tana auna gudunsa ne a cikin iska, ita kuwa iskar tana tata tafiyar. Idan tana bugo shi ta gaba da kilomita 30 a sa'a, abin da ya ci a ƙasa 600 ne kawai, saura 150 ga kuma tanki ya kusa bushewa. Idan ta gefe take bugowa, sai ta riƙa ture shi kaɗan-kaɗan har ya wuce garin da yake nema ba tare da ya hango shi ba. Kuskuren digiri ɗaya a kamfas yana kauce da jirgi kimanin kilomita ɗaya a cikin kowane kilomita 60.

A bakin Nilu wannan ba matsala ba ce, kogi yana nan a ƙasa kamar igiya. Daga Kartum zuwa yamma ne ido yake rasa abin kamawa: daji iri ɗaya, taswirori masu giɓi, ga lokacin shigowar hunturu da hazonsa. A nan aikin Coningham ya fito. Daga Kano suka ƙarasa Kaduna, sannan suka juya ta hanyar da suka zo, suka sauka Helwan ranar 19 ga Nuwamba da jiragensu uku. Aka ba shi lambar yabo ta sojan sama saboda wannan tafiya.

Shekarun da suka biyo baya na koyarwa ne da ofis, har da zama a Sudan. A 1932 ya auri Nan Frank, matar wani attajiri da ya rasu, suka haifi 'ya ɗaya. Hanyar da ya gwada kuwa ta ci gaba da aiki ba tare da shi ba: a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Kartum da Kano, aka miƙa ta har Legas. Daga nan filin jirgin Kano ya samo asali, wanda yau yake ɗauke da sunan Malam Aminu Kano.

Hanyar ta dawo masa da jirage

A 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya ta shiga yaƙi, tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya. Sojojinta a Masar suna buƙatar jiragen yaƙi, ga hanyar kusa ta toshe. Mafitar da aka samu ita ce a kawo jiragen a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yanzu, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, El Fasher, Kartum zuwa Masar. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940. Ƙananan jiragen faɗa sukan bi bayan babban jirgi mai ɗauke da mai duba hanya, kamar ayari a bayan madugu. Kafin a daina, jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan.

Siyasa ma ta shiga lissafin. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle a Agustan 1940, abin da ya buɗe sararin Cadi. Nijar kuwa ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har Nuwamban 1942. Ma'ana iyakar da ke kudu da Magariya, wadda ba ta wuce kimanin kilomita 100 daga Kano ba, ta zama iyakar da matuƙin Ingila ba ya son ya tsallaka bisa kuskure. Masu tafiye-tafiye na yanzu sun ga irin haka da idonsu a 2023, lokacin da yaƙi ya rufe sararin Sudan, juyin mulki kuma ya rufe na Nijar na wani lokaci, jiragen da ke tsakanin Turai da Afirka suka riƙa zagaye mai nisa.

Wanda ya karɓi da yawa daga jiragen Takoradi a ɗaya ƙarshen shi ne Coningham kansa. Ya fara yaƙin yana riƙe da wata rundunar jiragen bam a Ingila, a Yulin 1941 aka kira shi Masar ya jagoranci rundunar sama ta hamada wadda ta fuskanci Janar Rommel. Tsarinsa ya tsaya kan abu uku: a fara ƙwace sararin sama daga abokan gaba, a tara jirage a hannun kwamanda ɗaya maimakon a rarraba wa kowace bataliya, sannan a datse hanyoyin mai da abinci na maƙiyi. Da yake ƙananan jirage ba sa dogon zango, ya tsara yadda filayen sauka za su riƙa matsawa gaba ko baya tare da fagen daga. Bayan nasarar El Alamein a 1942 aka ba shi sarautar Sir, Amurkawa kuma suka ɗauki tsarinsa suka saka a littafin dokokin yaƙinsu a 1943.

Shi da Janar Montgomery ba su jitu ba. Coningham yana ganin janar ɗin ya kwashe yabo shi kaɗai kuma yana da nawa wajen bin abokan gaba, rigimar ta bi su har Nomandi a 1944, inda Coningham ya jagoranci rundunar saman da ta rufa wa sojojin Birtaniya da Kanada baya. Ya yi ritaya a Agustan 1947 da muƙamin Eya Mashal.

Kilomita 3,600 babu wurin sauka

A ƙarshen Janairun 1948 ya shiga jirgin fasinja mai suna Star Tiger, samfurin Avro Tudor mai inji huɗu, na kamfanin British South American Airways. Jirgin ya tashi daga Landan ya bi ta Lisbon, ya sauka tsibirin Santa Maria a Azores, a tsakiyar tekun Atlantika, inda rashin kyawun yanayi ya sa suka kwana. Zango na gaba shi ne Bamuda, kimanin kilomita 3,600. Wannan ya fi miƙaƙƙen layin Alƙahira zuwa Kano da Coningham ya ƙi bi a 1925, kuma a nan babu zagaye, babu El Fasher, babu Maiduguri, ruwa ne zalla. A wannan yanki iska takan buso daga yamma, wato ta goshin jirgin da ya nufi Bamuda, musamman a wannan lokaci na shekara.

Sun tashi da la'asar ranar 29 ga Janairu, fasinja 25 da ma'aikata shida, matuƙi Kyaftin Brian McMillan. Wani jirgin kamfanin ya riga su tashi da 'yan mintuna don ya riƙa sanar da su halin iska. Domin kauce wa iska mai ƙarfi da ke can sama, aka tsara su yi tafiyar a ƙafa 2,000 kacal daga ruwa, kimanin mita 600. Tafiya ƙasa-ƙasa haka tana cin mai, kuma idan wani abu ya lalace babu tazarar da za a gyara ko a yi kiran neman agaji. Cikin dare mai duba hanya ya auna taurari ya ga iska ta fi yadda aka yi hasashe, ta kuma ture su daga layi, aka gyara kamfas.

Da misalin ƙarfe 3:15 na asubahin Juma'a, 30 ga Janairu, bayan kusan sa'a 12 a sama, mai rediyon jirgin ya nemi Bamuda ta ba shi saitin inda yake. Aka ba shi, ya amsa cewa ya ji. A lokacin saura fiye da kilomita 500 su isa. Da Bamuda ta sake kira, shiru. Jirage suka yi kwana biyar suna bincike cikin mummunan yanayi, ba a ga tarkace ba, ba a ga gawa ba, ba a ga ko ɗigon mai a kan ruwa ba. Kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Macmillan ya zauna a Landan, ya duba batun mai da iska da injuna da rediyo, ya tashi bai iya faɗin abin da ya faru ba.

Coningham ya cika shekara 53 kwana 11 kafin wannan dare. Labarin ɓacewarsa ya fito a jaridu tare da wasu manyan labarai biyu na ranar 30 ga Janairun: an harbe Mahatma Gandhi a Delhi, Orville Wright kuma, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903, ya rasu a Amurka. Bayan shekara ɗaya, ranar 17 ga Janairun 1949, wani jirgin irin wannan samfuri na kamfanin, Star Ariel, ya ɓace tsakanin Bamuda da Jamaika da mutum 20 a ciki, aka janye samfurin Tudor daga ɗaukar fasinja a wannan hanya.